Tsamin Jiya, Wainar Gobe

Darasin wannan wata domin Zumuntar Mata da iyalan masu bi

Kafin a fara, bari mai koyarwa ta sa wata ta karanta Matta 13:33, wata kuma ta karanta Yohanna 6:1-13. In akwai mai sana'ar waina a cikinku, a roƙe ta ta zo da ɗan ƙullu mai tsami a ƙoƙo, domin kowa ta gani da idonta, ta kuma sansana.

Duk wanda ya bi ƙasar Bici, ko Dambatta, ko Kunci, ko Tsanyawa, ya san babu sauran daji a nan. Gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, ba wanda ya ke da filin da zai bari ya huta. Saboda haka kakanninmu suka koyi kada su zubar da kome. Kara ya zama danga da makamashi. Harawar wake da ta gyaɗa ta zama abincin awaki da rani. Toka da kashin dabbobi a kan ɗora su a jaki a kai gona. Dusa ma tana da masu ci. Amma ga wani abu guda da ya fara tafiya bola a zamanin nan, watau ragowar ƙullun waina. Tun da yisti na leda ya cika kantuna, yawancin 'yan mata sun ɗauka ƙullun da ya kwana ya lalace ne, sai su juye wa kaji. Ba su sani ba, abin da su ke zubarwa shi ne irin wainar gobe.

Mene ne ya ke sa ƙullu ya tashi?

A jikin kowace ƙwayar gero da dawa da shinkafa, da jikin ƙwarya, har da hannun mai kwaɓi, akwai waɗansu ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani. Iri biyu ne su ke yi mana aiki a cikin ƙullu. Na fari su ne yisti. Su kan ci zaƙin da ke cikin gari, su fitar da iska. Iskan nan ce ta ke yin kumfa, ta kumbura ƙullu, ta bar 'yan ramuka a cikin waina har ta yi laushi. Na biyu kuwa dangin waɗanda su ke mai da madara nono ne. Su ne su ke kawo ɗanɗanon tsami. Tsamin nan kuma yana da amfani babba, gama yawancin ƙwayoyin cuta ba su iya yaɗuwa a cikinsa.

Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Antoni van Leeuwenhoek ya fara ganin yisti a shekara ta 1680, da wani madubin ƙara girma wanda ya yi da hannunsa, amma bai gane suna da rai ba. Sai a 1857 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya nuna tsamin madara aikin halittu masu rai ne. Iyayenmu mata ba su taɓa jin sunayen nan ba, duk da haka sun san aikin sarai. Sun san ƙullu yana son ɗumi, yana ƙin zafi, yana kuma bukatar lokaci.

In an bar sabon ƙullu shi kaɗai, zai tashi, amma a hankali, gama halittun nan kaɗan ne a cikinsa. Tsohon ƙullu kuwa cike ya ke da su. Ludayi guda nasa ya isa ya tashi ƙwarya guda ta sabo. Wannan ne a ke kira tsami, ko kuwa iri.

Yadda a ke ajiye tsami

Kowace rana da kika yi waina, kafin ki sa gishiri ko sukari ko albasa ko kanwa, ki ɗebi ludayi ɗaya ko biyu na ƙullun da ya tashi, ki zuba a ƙaramar tukunya ko kwano mai tsabta. Wannan dokar ita ce babba. Kanwa ta kan kashe tsamin da ke tsare ƙullun, albasa kuwa ta kan ruɓe.

Ki rufe da faifai ko ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda da ƙura. Kada ki toshe shi da murfi mai ƙarfi, gama yana fitar da iska. Ki ajiye shi a inuwa, a gindin randa inda ƙasa ta ke da sanyi.

Ku tuna, abu mai rai ne, yana jin yunwa. In ba za ki yi waina gobe ba, ki ba shi abinci: cokali uku ko huɗu na garin gero ko na shinkafa, da ruwa mai tsabta daidai da shi, ki juya. Da hunturu sau ɗaya a rana ya isa. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ya kan kai awo 40, gara a ba shi safe da yamma. Wadda ta ke da firiji tana iya barinsa mako guda a ciki ba tare da ta ba shi kome ba.

To, ga inda matsala ta ke. Tsamin da a ke ciyarwa kullum ya kan yi ta ƙaruwa har ya fi ƙarfin tukunyarsa. A nan ne waɗansu su kan gaji su zubar. Kada ki yi haka. Ki bar kaɗan a tukunya domin iri, sauran kuwa ki yi wa yara wainar safe da shi.

Yadda a ke yin waina da ragowar tsami

A da wainar gero da ta dawa aka fi yi a ƙauyukanmu. Yanzu da noman rani ya yawaita a wajen madatsar ruwa ta Watari kusa da Bagwai, da ta Tomas a ƙasar Dambatta, shinkafa ta samu, wainarta ta zama ruwan dare. Hanyar duka ɗaya ce. Ga ta shinkafa:

1. Da hantsi ki wanke shinkafar tuwo gwangwani 4, ki jiƙa ta har la'asar.

2. Ki dafa wani gwangwani 1 dabam har ya yi laushi ƙwarai, ki bar shi ya huce. Dafaffen nan ne ya ke riƙe iska a cikin ƙullu, ya kuma ba yisti abinci mai sauƙin ci.

3. Ki haɗa jiƙaƙƙiyar da dafaffiyar, a kai inji a markaɗa. Kada a cika ruwa. Ƙullun ya fi kunu kauri.

4. Ki zuba tsaminki ludayi 1 ko 2, ki juya sosai. Ki taɓa ƙullun da yatsa tukuna. In yana da zafin da za ki janye hannu, ki dakata, gama zafi yana kashe yisti.

5. Ki rufe a ƙwarya ko roba babba, wadda ƙullun bai wuce rabinta ba, domin ya sami wurin tashi. Ki bar shi ya kwana. Da hunturu ki ajiye shi kusa da murhu, ki lulluɓe da zane.

6. Da asuba za ki tarar ya kumbura, ya yi kumfa. Ki cire irin gobe tun yanzu, kafin ki ƙara kome.

7. Sa'an nan ki sa gishiri, da sukari kaɗan, da yankakkiyar albasa. Ki jiƙa kanwa, ki tace, ki riƙa ɗiga ruwanta kaɗan kaɗan kina ɗanɗanawa, har tsamin ya sauko daidai baki. Sa'ad da kanwa ta gamu da tsami, sabuwar iska ta kan taso nan da nan, saboda haka sai tanda ta hau wuta kāna a zuba ta. In ta yi yawa, waina za ta yi rawaya, ta yi bauri. Waɗansu su kan ƙara ɗan garin kuɓewa ko karkashi domin laushi.

8. Ki ɗora tanda a wuta marar yawa, ki ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, ki zuba ƙullu. In gefen ya yi ja, sama ya fara huda, ki juya da cokali, ki bar ɗaya gefen ya toyu.

In gero ne ko dawa, sai a surfa, a wanke, a ɓarza, a tankaɗe. A dafa tsakin kamar talge, a bar shi ya huce, a haɗa da garin, sa'an nan a zuba tsami.

Ragowar tsami kuma da ba ta kai a yi sabon markaɗe dominta ba, sai ki ƙara mata gari da ruwa da dare, da safe ki gyara ta da gishiri da ruwan kanwa, ki toya guda goma ko ashirin. A ci da miyar taushe, ko garin ƙuli, ko zuma. Yaron da ya ci waina uku kafin ya tafi makaranta ya fi wanda ya tafi da cikinsa wayam jin abin da malam ya ke faɗa. Mai sana'a kuwa ta huta da sayen yisti kowace rana. Wadda ta san farashin kwanon hatsi a kasuwar Dawanau cikin watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabo bai nuna ba, ba za ta raina ludayi guda na ƙullu ba.

Wainar waɗansu ƙasashe

Kada mu zaci mu kaɗai muka san dabarar nan. Turawa suna da wata waina da su ke kira wafal, wadda mutanen Beljiyam suka yi suna da ita. Da garin alkama a ke yin ta, da ƙwai da madara da man shanu. Tandarsu ta ƙarfe ce mai fuska biyu, tana buɗewa tana rufewa kamar littafi, cikinta gida gida ne masu kusurwa huɗu. In an zuba ƙullu an rufe, sama da ƙasa su kan toyu tare, ba sai an juya ba.

A Amurka da Turai akwai gidajen da su ke ajiye tsamin burodi shekara da shekaru, suna ciyar da shi kamar yadda muka faɗa. A shekara ta 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gida, yisti ya yi wuya a kantunansu, sai da yawa suka koma ga tsami irin na kakanni. Su ma tukunyarsu ta kan cika, su ma sai su kwaɓa ragowar da gari da madara da dare, da safe su ƙara ƙwai da ɗan soda, su toya wafal. Sodan nan aikin kanwarmu ya ke yi. Ashe abin da 'yarmu ta ke jin kunyarsa a ƙauye, shi waɗansu su ke koya da marmari a manyan birane.

Tsamin da ya ɓaci

Ba kowane tsohon ƙullu ba ne ya ke da kyau. Tsami mai lafiya yana da ƙanshi kamar na nono, yana kumfa in an ba shi gari. In wani ruwa ya kwanta a kansa, yunwa ce kawai: a tsiyaye ruwan, a ba shi abinci. Amma in kika ga fumfuna ta fito a kansa, ko launinsa ya koma ja, ko kore, ko baƙi, ko kuwa yana warin ruɓa, ki zubar da shi duka. Kada ki kwashe sama ki ce ƙasan yana da kyau. Kada ki ce wuta za ta gyara, gama akwai dafin fumfuna wanda wuta ba ta kashewa, yara ƙanana kuwa su ne ya fi cuta. Ki wanke tukunyar da ruwan zafi, ki shanya ta a rana, ki je wurin maƙwabciya ki roƙi sabon iri. Tanadi abu ne mai kyau, amma lafiyar ɗa ta fi ludayin ƙullu.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

A zamanin Ubangijinmu Yesu babu yisti na leda. Matan Yahudawa suna yin abin da iyayenmu suka yi ne: su ajiye ɗan curin kwaɓin jiya, su sa a na yau. Saboda haka inda Littafi Mai Tsarki ya ambaci yisti, ku karanta da tsamin waina a zuciyarku, za ku gane da sauri.

Na ɗaya, ragowa tana da daraja a wurin Allah. A Yohanna sura 6, bayan Yesu ya ciyar da mutum wajen 5,000, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage, har suka cika kwando 12. Shi wanda ya ke da ikon yawaita gurasa da kalma guda bai yarda a bar ta a ƙasa ba. Balle mu da mu ke samun hatsi da gumi da fartanya?

Na biyu, kaɗan ya isa in yana da rai. A Matta 13:33 Yesu ya kwatanta Mulkin Sama da tsamin da wata mace ta cusa a cikin gari awo uku. Awon nan ya fi mudunmu girma nesa. Shi ne yawan garin da Saratu ta kwaɓa wa baƙin Ibrahim a Farawa 18:6, masana kuwa sun ce ya isa abincin mutum wajen 100. Garin da yawa, tsamin kaɗan, amma kafin gari ya waye duka ya tashi. A shekara ta 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka iso Kano, Sarki Alu bai bar su su zauna ba, suka juya bayan 'yan kwanaki. A ganin mutum aikin ya ƙare ke nan. Amma a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau kuwa ga mu muna karanta shi a ƙauyukan ƙasar Kano. In ekklesiyarku gida biyar ce ko goma a tsakiyar babban gari, kada ku karai.

Na uku, tsami ba ya aiki sai an cuɗa shi. Wanda aka bari a tukunyarsa shi kaɗai ƙara tsami ya ke yi har ya ɓaci. Mai bi da ya janye daga maƙwabtansa, ba ya zuwa gayya, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, haka ya ke. Ku lura kuma, tsami ba ya hayaniya. Ba wanda ya taɓa farkawa da dare saboda ƙarar ƙullu. Mudu na gaskiya a kasuwa, biyan bashi a kan lokaci, riƙe iyakar gona ba tare da ci gaba ba, baki mai tsabta a bakin rijiya, waɗannan su ne aikinsa. Maƙwabtanmu Musulmi su kan aiko mana da abincin Salla. Mu ma ran Kirsimeti mu aika musu da waina, mai zafi, mai kyau, da fuska a sake.

Na huɗu, sabon ƙullu yana bukatar tsoho, tsoho kuma yana bukatar sabo. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Samarinmu da 'yan matanmu suna tafiya birnin Kano neman karatu da aiki, tsofaffi suna zaune a gida, kowa da nasa. Tsohuwa da gwauruwa a cikin ekklesiya ba ragowa ba ce da za a kawar gefe. A Titus sura 2 Bulus ya ba tsofaffin mata aikin koya wa ƙanana zaman gida da tsoron Allah. A 2 Timoti 1:5 ya nuna bangaskiyar Timoti ta bi ta kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki kafin ta iso gare shi. Da tsohuwar zuma a kan yi magani. Ke inna, ke kaka, in ba ki zuba abin da Allah ya ba ki a cikin jikokinki ba, zai tafi kabari tare da ke. Ke kuma amarya, kada ki ce kin yi makaranta, ba ki da abin koya a ɗakin surukarki.

Na biyar, mugun tsami ma yana yaɗuwa. A 1 Korantiyawa sura 5 Bulus ya tsauta wa ekklesiyar da ta ƙyale zunubi a tsakiyarta, ya tuna musu ba a bukatar tsami mai yawa kafin dukan kwaɓi ya kama. A Luka 12:1 Yesu ya kira munafuncin Farisiyawa tsami. Mu ma mun san wake ɗaya ke ɓata gari. Tsegumi guda a Zumuntar Mata, ko gaba guda tsakanin dattawa biyu a kan gona, ya isa ya tsamar da ekklesiya shekara goma. Isra'ilawa su kan fid da tsohon tsami duka daga gidajensu kwana 7 a lokacin Idin Ƙetarewa, kamar yadda Fitowa 12:15 ta umarta, sa'an nan su fara da sabo. Akwai abin da a ke ciyarwa, akwai abin da a ke zubarwa a wanke tukunya. Mai bi ya roƙi Allah hikimar rarrabewa.

A ƙarshe ku duba Yusha'u 7:8. Annabin ya kwatanta mutanen Ifraimu da wainar da aka bari a tanda ba juyi. Kowace mace ta san irinta: ƙasa ya ƙone, sama ɗanye, ba mai saye, ba mai ci. Haka mutum ya ke wanda ya toyu ran Lahadi a ɗakin sujada, amma daga Litinin zuwa Asabar ɗanyen ƙullu ne a gida da gona da kasuwa. Sai mu yarda Ubangiji ya juya mu, ko da juyin yana da zafi.

Tambayoyi

1. Don me a ke cire irin gobe kafin a sa kanwa da albasa?

2. Waɗanne alamu ne su ke nuna tsami yana jin yunwa, waɗanne ne kuma su ke nuna ya ɓaci?

3. Wane abinci ne ya ke zubewa a gidanki wanda da an yi tanadinsa?

4. Wace tsohuwa ce a ekklesiyarku wadda ba a neman shawararta? Wa zai je wurinta a makon nan?

5. Akwai mugun tsami a zuciyarki wanda ya kamata ki fitar kafin ki zo cin Jibin Ubangiji?

Aikin wannan wata

Kowace mace da ta iya waina ta ɗauki yarinya guda ta koya mata, tun daga jiƙo har juyi. In ta iya, ki ba ta ludayi guda na tsaminki a ƙoƙo ta tafi da shi gida. A taro mai zuwa yarinyar ta kawo wainar da ta toya, a ci tare, a yi godiya.

Addu'a

Ya Uba, mun gode maka domin hatsin gonakinmu da hannuwan da su ke sarrafa shi. Ka koya mana tanadi, ka tsare mu daga rowa. Ka wanke mu daga tsohon tsami na ƙeta da munafunci, ka sa mu zama tsami mai kyau a garuruwanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.